Haƙƙin Kwana a Gida: Naƙasassun Amurka, Annobar Korona da Kuɗin Kulawa

A ƙarshen watan Fabrairun 2020, kafin yawancin Amurkawa su ɗauki cutar korona da muhimmanci, ta riga ta shiga wani gidan jinyar tsofaffi da gajiyayyu a garin Kirkland na jihar Washington. Cikin 'yan makonni mutum fiye da 30 masu alaƙa da wannan gida suka rasu. Abin da ya faru a Kirkland ya maimaita kansa a dubban irin waɗannan gidaje. Mazaunansu ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, amma zuwa tsakiyar shekarar, kusan kashi 40 cikin 100 na duk waɗanda cutar ta kashe a Amurka daga cikinsu ne ko daga cikin ma'aikatan da ke kula da su. Zuwa farkon 2022 adadin ya haura 200,000.

Jama'a da dama sun ɗauki wannan a matsayin ƙaddarar tsufa da rauni. Ƙungiyoyin naƙasassu kuwa sun kalli lamarin da wani ido. Sun shafe kusan shekara hamsin suna cewa tara masu rauni a ɗaki ɗaya, a hannun ma'aikatan da aiki ya yi wa yawa, hatsari ne, kuma da yawa daga cikin mazauna waɗannan gidaje ba son ransu ne ya kai su can ba, tsarin biyan kuɗi ne ya kai su. Saboda haka da Majalisar Dokokin Amurka ta fara rabon tiriliyoyin daloli na tallafin annoba, buƙatarsu ta farko ita ce a saka kuɗi a kulawar gida, wato a biya mai taimakon da zai zo har gida ya yi wa mutum wanka, ya tufatar da shi, ya ciyar da shi, ya ɗora shi a kan kekensa. Fahimtar wannan buƙata, da dalilin da ya sa aka biya ta rabi da rabi, sai an koma shekarar 1965.

Wajibi da zaɓi

Ranar 30 ga Yulin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa shirye-shirye biyu na kiwon lafiya. Medicare na tsofaffi ne, yana biyan kuɗin asibiti da na likita, amma ba ya ɗaukar nauyin kulawa ta dogon lokaci. Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma shi ne ya zama babban mai biyan kuɗin irin wannan kulawa a ƙasar. Gwamnatin tarayya da jihohi ne ke haɗa kuɗinsa: tarayya tana ba da aƙalla rabi, a jihohin da ba su da ƙarfin tattalin arziki kuwa kasonta yana haura kashi 70 cikin 100.

A nan gizo ke saƙa. Dokar ta raba ayyukan Medicaid gida biyu, na wajibi da na zaɓi. Gado a gidan jinya ga baligin da ya cancanta wajibi ne a kan kowace jiha. Taimakon yau da kullum a cikin gidan mutum kuwa zaɓi ne: jiha tana iya bayarwa, tana iya ƙayyade yawan waɗanda za su samu, tana iya ragewa a shekarar da aljihunta ya yi sanyi. Ma'anar wannan a aikace ita ce, matashin da ya yi hatsarin mota ya shanye daga wuya zuwa ƙasa yana da haƙƙin a kwantar da shi a gidan jinya tare da masu shekara tamanin, amma ba shi da haƙƙin a biya wanda zai tashe shi daga gadonsa na gida kowace safiya.

Wannan tsari ya gaji wata tsohuwar ɗabi'a. Tun ƙarni na 19 jihohin Amurka suke gina manyan cibiyoyi a bayan gari domin killace masu naƙasar ƙwaƙwalwa da masu taɓin hankali. A 1927 Kotun Ƙoli ta halatta wa jihohi yi wa irin waɗannan mutane aikin hana haihuwa ba da yardarsu ba, kuma fiye da mutum 60,000 aka yi wa. Mafi shaharar waɗannan cibiyoyi ita ce Willowbrook a New York, wadda aka gina domin mutum 4,000 amma ta ɗauki fiye da 6,000 a tsakiyar shekarun 1960. Sanata Robert Kennedy ya ziyarce ta a 1965 ya kwatanta ta da ramin macizai. A 1972 ɗan jarida Geraldo Rivera ya shiga da kyamara ya nuna wa ƙasa yara tsirara a kan siminti cikin ƙazanta. Duk da haka sai a 1987 aka rufe ta.

Waɗanda suka ƙi zama

Gwagwarmayar ta samo asali daga naƙasassun da kansu. Ed Roberts ya kamu da shan inna a 1953 yana da shekara 14, ya shanye, yana kwana cikin wata babbar na'urar ƙarfe mai taimaka masa numfashi. A 1962 ya sami gurbin karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma saboda babu ɗakin kwanan ɗalibai da zai ɗauki na'urarsa, aka ba shi masauki a asibitin jami'ar. Wasu ɗalibai masu irin lalurarsa suka biyo shi, kuma a 1972 suka kafa cibiyar koyar da rayuwar dogaro da kai ta farko a Berkeley. Tunaninsu sabo ne a lokacin: cin gashin kai ba ya nufin mutum ya yi komai da hannunsa, yana nufin shi ne zai zaɓi mai taimakonsa, shi zai faɗi lokacin da zai tashi da abin da zai ci. Hukumar jihar da ta taɓa cewa Roberts ba zai iya aiki ba, daga baya gwamna Jerry Brown ya naɗa shi shugabanta.

A watan Afrilun 1977 naƙasassu fiye da ɗari, cikinsu har da Judy Heumann, suka mamaye ofishin ma'aikatar lafiya ta tarayya a San Francisco. Suna neman a sa hannu a ƙa'idojin aiwatar da sashe na 504 na wata dokar 1973, wanda ya haramta nuna wariya ga naƙasassu a duk wani shiri da ke cin kuɗin tarayya. Sun kwana a ginin fiye da mako uku, 'yan ƙungiyar Black Panther suna kawo musu abinci, har minista Joseph Califano ya sa hannu ranar 28 ga watan.

A Denver ta jihar Colorado kuma, wani limamin coci mai suna Wade Blank, wanda ya yi aiki a gidan jinya ya ga yadda matasa ke ruɓewa a ciki, ya taimaka wa wasunsu suka fita suka kama gidajen haya a 1975. Ranar 5 ga Yulin 1978 mutum 19 daga cikin wannan jama'a suka tare motocin safa biyu a tsakiyar birnin da kekunansu, suka kwana a kan titi, saboda motocin ba su da hanyar shigar keken guragu. Daga wannan tushe ƙungiyar ADAPT ta fito a 1983. Ita ce ta jagoranci abin da ya faru ranar 12 ga Maris 1990, lokacin da naƙasassu suka sauka daga kekunansu suka yi rarrafe a kan matakalar ginin Majalisa. Ranar 26 ga Yulin shekarar Shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassun Amurka. Da aka sami nasara a kan motocin safa, ADAPT ta karkata ga abin da ya haife ta tun farko, wato fitar da mutane daga gidajen jinya.

Yarinyar da ta buɗe ƙofa

Sassauci na farko a tsarin Medicaid ya zo ta sanadin wata yarinya 'yar shekara uku daga Cedar Rapids a jihar Iowa. Katie Beckett ta kamu da kumburin ƙwaƙwalwa tana jaririya, ta zama mai buƙatar na'urar numfashi. Likitoci sun ce za ta iya komawa gida, amma ƙa'ida ta hana: muddin tana asibiti ba a lissafa albashin iyayenta, Medicaid yana biya, da zarar ta koma gida sai a lissafa, tallafin ya yanke. Kuɗin riƙe ta a asibiti kuwa ya ninka na kula da ita a gida kusan sau shida. Shugaba Ronald Reagan ya kawo labarinta a taron manema labarai a watan Nuwamban 1981 a matsayin misalin wautar ƙa'idojin gwamnati, kuma kafin ƙarshen shekarar ta koma gida. Ta rayu har 2012.

A wannan shekarar ta 1981 Majalisa ta ƙara wa dokar Medicaid wani sashe da ya ba jihohi damar neman izinin musamman domin biyan kulawar gida ga wanda da gidan jinya za a kai shi. Ci gaba ne na gaske, amma yana ɗauke da sharaɗin da ya zama tushen matsalar yau: jiha ce ke ƙayyade yawan gurabe. Idan sun cika, sauran sai su shiga layi.

Mataki na gaba daga kotu ya zo. Lois Curtis da Elaine Wilson mata ne biyu masu naƙasar ƙwaƙwalwa da lalurar taɓin hankali da aka ajiye a wani asibitin jihar Jojiya a Atlanta, aka ci gaba da riƙe su bayan likitocinsu sun ce za su iya zama cikin jama'a. Ranar 22 ga Yunin 1999, a shari'ar da aka sani da Olmstead, sunan kwamishinan jihar da aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai shida a kan uku cewa killace naƙasasshe ba tare da dalili ba wariya ce a ƙarƙashin dokar 1990. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ce ta rubuta hukuncin. Sai dai kotun ta bar wa jihohi mafita, domin ta ce za a yi la'akari da ƙarfin aljihun jiha da buƙatun sauran masu lalura. Hukuncin bai mayar da kulawar gida wajibi a cikin Medicaid ba.

Duk da haka kuɗi ya fara sauya alƙibla. Wani shiri da aka kafa a dokar kasafi ta 2005, mai manufar cewa kuɗin kulawa ya bi mutum duk inda ya zaɓi zama, ya fitar da fiye da mutum 100,000 daga cibiyoyi cikin kimanin shekara goma sha biyu. A 2013, a karo na farko, abin da Medicaid ya kashe a kulawar gida ya zarce abin da ya kashe a cibiyoyi. A 2017, da 'yan jam'iyyar Republican suka yi yunƙurin ƙayyade kason tarayya a Medicaid, 'yan ADAPT suka kwanta a ƙofar ofishin shugaban masu rinjaye na Majalisar Dattawa, Mitch McConnell, ranar 22 ga Yuni, daidai shekara 18 da hukuncin Olmstead. 'Yan sanda suka kama mutum 43, duniya ta ga hotunan ana ɗauke mutane daga kekunansu. Lissafinsu mai sauƙi ne: idan kuɗi ya ragu, jiha ba za ta iya taɓa wajibi ba, zaɓi za ta yanke.

Halin da annoba ta tarar

Lokacin da korona ta iso, mutum kusan 800,000 ne ke kan layin jiran kulawar gida a jihohi daban-daban, yawancinsu masu naƙasar ƙwaƙwalwa, kuma matsakaicin jira ya kai kimanin shekara uku. Waɗanda suka sami gurbi ma suna fama da ƙarancin ma'aikata. Matsakaicin ladan mai kulawa a gida a 2020 bai wuce kusan dala 13 a awa ba, abin da bai kai na wasu kantuna da gidajen abinci ba. Kusan tara cikin goma na waɗannan ma'aikata mata ne, yawancinsu baƙaƙen fata ne ko 'yan asalin Latin Amurka ko Asiya, kuma kusan uku cikin goma baƙi ne da aka haifa a wasu ƙasashe, har da 'yan Afirka ta Yamma. Ƙasƙancin ladan yana da tarihi: dokar ƙwadago ta 1938 ta cire masu aikin gida daga kariyarta, kuma masu kulawa a gida ba su shiga ƙarƙashin mafi ƙarancin albashi na tarayya ba sai a 2015.

Annobar ta bugi wannan tsari ta fuskoki uku. Na farko, kayan kariya. A watannin Maris da Afrilun 2020 takunkumin baki da safar hannu sun yi ƙaranci, asibitoci aka fara ba, mai kulawa a gida kuwa yana can ƙarshen layi, alhali aikinsa ba ya yiwuwa daga nesa. Ba a yi wa mutum wanka daga tazarar mita biyu. Ma'aikata da yawa suka kamu, wasu suka bar aikin, cibiyoyin wuni da naƙasassu ke zuwa aka rufe su, nauyi ya koma kan iyaye da 'yan'uwa. Wanda ba shi da kowa, idan mai taimakonsa bai zo ba, abin da ya rage masa shi ne gidan jinya, wurin da cutar ta fi kisa.

Na biyu, rabon na'urorin numfashi. Jihohi da dama suna da rubutattun ƙa'idoji kan wanda za a fifita idan na'urori ba su isa ba. Na jihar Alabama, wanda aka rubuta tun 2010, ya nuna cewa masu tsananin naƙasar ƙwaƙwalwa na iya zama waɗanda ba su dace a ba su ba. Ƙungiyoyin naƙasassu suka shigar da ƙorafi a ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar lafiya. Ranar 28 ga Maris 2020 ofishin ya fitar da sanarwa cewa ba za a hana mutum magani ba bisa zato game da darajar rayuwarsa, kuma a farkon Afrilu Alabama ta janye ƙa'idar. Wasu jihohi, irin su Pennsylvania da Tennessee da Utah, su ma suka gyara nasu. Tsoron yana da tushe: wani bincike da aka wallafa a Maris 2021, wanda ya duba bayanan marasa lafiya fiye da miliyan 64, ya gano cewa masu naƙasar ƙwaƙwalwa sun fi saura yiwuwar mutuwa da korona kusan sau shida.

Na uku, kuɗin tallafi. Babbar dokar agaji ta farko, CARES, wadda Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 27 ga Maris 2020, ta kai kusan dala tiriliyan 2.2. Ta ba kowane baligi dala 1,200, kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 17 dala 500. Amma baligin da iyayensa suka rubuta shi a takardar haraji a matsayin wanda suke ɗaukar nauyinsa ya faɗi a tsakiya: shi ba yaro ba, kuma ba a lissafa shi a matsayin mai cin gashin kansa ba, saboda haka bai sami ko sisi ba. Naƙasassu masu yawa da ke zaune da iyayensu suna cikin wannan rukuni. Dokar ta ware biliyoyin daloli ga asibitoci da gidajen jinya, amma babu wani kaso da aka keɓe wa kulawar gida. Abin da ya taimaka shi ne ƙarin maki 6.2 da wata doka ta 18 ga Maris ta yi wa kason tarayya a Medicaid baki ɗaya, bisa sharaɗin kada jihohi su cire kowa daga shirin, da kuma izinin gaggawa da ya ba jihohi damar biyan ɗan'uwa ko uwa ladan kulawa.

Maki goma

Daga Afrilun 2020 ƙungiyoyi irin su ADAPT, The Arc da Ƙungiyar Naƙasassun Amurka, tare da ƙungiyoyin ƙwadago na masu kulawa, suka haɗa kai a kan buƙata guda mai lamba: a ƙara kason tarayya na kulawar gida kaɗai. Dabarar tana da dalili. Kusan dukkan jihohin Amurka doka ta wajabta musu daidaita kasafinsu kowace shekara, kuma a lokacin karayar tattalin arziki ta 2008 zuwa 2010 jihohi da yawa sun rage awowin kulawar gida. Kuɗin da aka ba jiha ba tare da ƙaidi ba zai iya tafiya ko'ina. Wanda aka ɗaure da sunan kulawar gida ba zai iya ba. Zanga-zanga a zauren Majalisa ba ta yiwuwa ga mutanen da cutar ta fi yi wa barazana, saboda haka gwagwarmayar ta koma wayar tarho, wasiƙu da kafafen sada zumunta.

A watan Mayun 2020 Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin HEROES, wanda ya ƙunshi wannan ƙari, amma Majalisar Dattawa ba ta ɗauke shi ba. Dokar agaji ta Disamba ta ba da dala 600, ta sake tsallake baligan da ke ƙarƙashin iyayensu. Al'amarin ya sauya ranar 5 ga Janairun 2021, lokacin da Raphael Warnock da Jon Ossoff suka lashe kujerun Jojiya, Majalisar Dattawa ta rabu 50 da 50, ƙuri'ar raba gardama tana hannun Mataimakiyar Shugaba Kamala Harris.

Ranar 11 ga Maris 2021 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar ceto tattalin arziki ta dala tiriliyan 1.9, wadda ta wuce Majalisar Dattawa da ƙuri'a 50 a kan 49. A karo na farko dala 1,400 ta haɗa da baligan da ke ƙarƙashin iyayensu. Sashe na 9817 kuma ya ƙara maki 10 a kason tarayya na kulawar gida daga 1 ga Afrilun 2021 zuwa 31 ga Maris 2022, ƙarin da aka ƙiyasta a dala biliyan 12.7. An gindaya sharaɗin cewa kuɗin ƙari ne a kan abin da jiha ke kashewa, ba madadinsa ba. Da jihohi suka sake zuba shi a ayyukan da tarayya ke tallafawa, jimillar abin da suka tsara kashewa ta kusa dala biliyan 37, kuma kaso mafi tsoka ya tafi ga ƙarin lada da alawus na ma'aikata.

Daga 400 zuwa 150 zuwa babu

Tallafin na shekara ɗaya ne, kuma kowa ya san jiha ba za ta buɗe sabon gurbi na dindindin da kuɗin da zai ƙare ba. Ranar 31 ga Maris 2021, a Pittsburgh, Biden ya gabatar da shirin gina ƙasa wanda ya ware dala biliyan 400 cikin shekara takwas domin kulawar gida. Sanata Bob Casey na Pennsylvania da 'yar majalisa Debbie Dingell ta Michigan suka mayar da shi ƙuduri a watan Yuni. Ɗaya daga cikin fitattun masu goyon bayansa shi ne lauya Ady Barkan, wanda cutar ALS mai kashe jijiyoyin motsi ta shanye shi, yana magana ta kwamfutar da ke bin motsin idonsa. Hujjarsa rayuwarsa ce: masu kulawa na dare da rana ne suka sa yake zaune da matarsa da 'ya'yansa biyu.

Masu adawa suna da nasu hujjoji. 'Yan Republican sun ce kulawa ba ta cikin ma'anar gine-ginen ƙasa, kuma dokar hanyoyi da gadoji da aka sa wa hannu a Nuwamban 2021 ta fita ba tare da ita ba. Masu lissafin kasafi suna da wata tsohuwar fargaba: kulawar gida ta fi arha a kan kowane mutum, amma miliyoyin mutane danginsu ne ke kula da su kyauta, waɗanda ba za su taɓa neman gado a gidan jinya ba amma za su fito da zarar an ce akwai taimako a gida, jimillar kuɗi ta hau. Akwai kuma iyayen masu tsananin naƙasa da ke ganin cibiya mai ma'aikata dare da rana ta fi dacewa da 'ya'yansu, suna tsoron a rufe ta kafin a samar da madadi.

A tattaunawar cikin gida ta jam'iyyar Democrat adadin ya sauko zuwa dala biliyan 150, kuma da wannan ne babban ƙudurin walwala ya wuce Majalisar Wakilai ranar 19 ga Nuwamba da ƙuri'a 220 a kan 213. Bayan wata guda, ranar 19 ga Disamba, Sanata Joe Manchin na West Virginia ya bayyana a talabijin cewa ba zai goyi bayansa ba, yana kafa hujja da hauhawar farashi da bashin ƙasa. A majalisar da ta rabu 50 da 50, ƙuri'arsa ɗaya ta isa. Dokar da ta maye gurbin ƙudurin a Agustan 2022 ta ƙunshi sauyin yanayi da farashin magunguna, babu kulawar gida a cikinta.

Abin da ya rage

Kariyar lokacin annoba ta janye sannu a hankali. Daga Afrilun 2023 jihohi suka koma tantance masu cin moriyar Medicaid, kuma fiye da mutum miliyan 25 aka cire daga shirin, yawancinsu saboda matsalar takardu. Dokar ta-ɓacin lafiya ta ƙare ranar 11 ga Mayun 2023. Wa'adin kashe kuɗin sashe na 9817 ya cika a yawancin jihohi a Maris 2025. Wasu jihohi sun riƙe ƙarin ladan da kuɗinsu, da yawa kuma sun ci gaba da biyan dangi masu kulawa, abin da kafin 2020 ba ko'ina ake yi ba. Layin jira kuwa a 2024 yana ɗauke da mutum kusan 700,000. A ranar 4 ga Yulin 2025 aka sa hannu a wata dokar haraji da kasafi da ofishin kasafin Majalisa ya ƙiyasta za ta rage kuɗin tarayya a Medicaid da fiye da dala biliyan 900 cikin shekara goma. Masu goyon bayanta sun ce ba ta taɓa naƙasassu ba, ta shafi masu ƙarfin aiki ne da hanyoyin da jihohi ke tara kasonsu. Ƙungiyoyin naƙasassu suka maimaita lissafinsu na 2017.

Lois Curtis ta fita daga asibiti ta zama mai zane, ta sayar da hotunanta, ta gana da Shugaba Barack Obama a fadar White House a 2011. Ta rasu a Nuwamban 2022 a gidanta da ke jihar Jojiya. Judy Heumann ta rasu a Maris 2023, Ady Barkan a Nuwamban shekarar yana da shekara 39. A cikin dokar Medicaid, rabe-raben 1965 bai sauya ba: gado a gidan jinya yana cikin jerin wajibi, mai taimakon da zai zo gida da safe yana cikin jerin zaɓi.